Zuwa ga Uwata, a kan maganar bangon duniya

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Uwata, bayan gaisuwa da fatan kina lafiya, ya karatu, ya kuma sanyin makaranta? Mu nan duk lafiya lau, alhamdu lillahi. Mamanku tana gaishe ki, Auta kuma kullum sai ya tambayi ranar da za a ba ku hutu.

Saƙon muryar da kika turo daren Laraba sau uku na saurare shi. Kin san ni da waya, in na ce zan amsa da baki sai in yi ta kame-kame, rabin abin da ke raina ya tsere. Shi ya sa na ɗauko biro da takarda, in na gama ƙaninki ya buga ya tura miki. Na ji kin tambayi malaminku ko sararin samaniya yana da inda ya ƙare, ko kuma yana da lokacin da ya fara, 'yan aji suka kwashe da dariya, daga baya wata ƙawarki ta ja ki gefe ta ce irin wannan tambaya ita ke kai mutum ga halaka. Daga muryarki na gane maganar ƙawar ta fi dariyar yi miki zafi.

To ki kwantar da hankalinki. Tambayar nan ta girme ki, ta girmi kakan kakana. Muna yara, mai sunanki, Allah Ya jiƙanta, takan ce mana wanda ya miƙe gabas bai tsaya ba zai tarar da bangon duniya. Wata rana na ce mata, to Inna, mene ne a bayan bangon? Ta dube ni ta ce, "Kai dai ka cika tambaya kamar baƙon gari, tashi ka kwanta." Na kwanta, amma tambayar ba ta kwanta ba, ga shi yau ta ɓullo ta bakin jikarta.

Kin san aikin da na ci abinci da shi har na yi ritaya, safiyo. Kafa iyaka ita ce sana'ata. Abin da sana'ar ta fara koya min shi ne babu iyakar da ba ta da maƙwabci. Ban taɓa binne dutsen siminti ba sai da wani abu a wancan gefen, ko gonar wani, ko burtali, ko hurumi, ko kogi. Na tuna wani dattijo da muka je auna masa gona. Ya bi layin gamba da mu har ƙarshe, ya dogara sandarsa ya ce, "Nan ta tsaya, daga nan babu komai." Na ɗaga ƙafa na tsallake gambar, na tsaya a kan wani faƙo mai tsakuwa, na ce, "Baba, ga ni tsaye a cikin babu komai ɗin naka." Ya yi dariya har hularsa ta faɗi. Abin da yake nufi babu abin nomawa, amma ai filin yana nan, yana ɗaukar ƙafar mutum.

Na daɗe da yin ritaya kafin in karanta cewa wani Bagirke mai suna Archytas, mutumin Tarentum a kudancin Italiya, abokin Aflaton masanin falsafa, ya riga ni tsallake wannan gamba da shekara fiye da 2,300. Ya ce a ɗauka na isa ƙarshen sama na tsaya a bakinta, shin zan iya miƙa hannuna ko sandata gaba? In ta miƙu, ashe akwai wuri a gaba, nan ba ƙarshe ba ne. Waɗanda suka biyo bayansa suka ƙara da cewa, in kuwa wani abu ya tare sandar, to shi abin da ya tare ta a ina yake zaune? Ta kowace fuska dai bango ya rushe. Shi ya sa ba za ki sami masanin falaki a yau da yake neman katanga a sama ba.

Amma kada ki yi saurin cewa tunda babu bango, to sarari ba shi da iyakar girma. Nan ne mutane da yawa suke zamewa. Ɗauko kankana ki ɗora mata kiyashi. Zai yi ta tafiya har ya gaji, ba zai taɓa cin karo da baki ko gefe ba, alhali fatar kankanar ƙidayayyiya ce, ana iya auna ta da zare. Doron ƙasar nan da muke takawa haka yake. A 1519 jiragen ruwa biyar suka tashi daga Sifen suka nufi yamma, a 1522 ɗaya ya dawo gida ta ɗaya ɓangaren, bai ga bangon Inna ba, kuma kewayen ƙasar duka kilomita 40,000 ne. A 1917 Einstein ya kawo shawarar cewa sararin kansa zai iya zama haka, mai iyakar girma amma marar baki, wanda in ka miƙe sosai ba ka karkata ba za ka dawo inda ka tashi.

Na san abin da za ki ce, don ni ma na faɗe shi: ai kankana a cikin ɗaki take, to shi sararin a cikin me ya lanƙwashe? A nan zan ɗan yi alfahari da sana'ata. Wanda ya warware wannan ƙulli, Carl Gauss na Jamus, ya yi shekaru yana yawon awon ƙasar Hanover da na'ura a kafaɗa kamar mu. A 1827 ya nuna cewa ana iya gane lanƙwasar wuri daga cikinsa, ba sai an fita waje an hango shi ba. Kin san a takarda kusurwoyin alwatika in an tara su digiri 180 ne. To zana wata a kan ƙwarya: daga tsakiyar gindinta ki sauko da layi zuwa baki, ki bi bakin rubu'in zagaye, ki koma sama inda kika fara. Kusurwa uku, kowace 90, jimla 270. Kiyashin da ya iya lissafi zai gane a kan abu mai lanƙwasa yake ba tare da ya taɓa barin fatarsa ba. Mu ma in alwatikar awonmu ta yi faɗin kilomitoci masu yawa, sai mun cire wannan ɗan rarar kafin lissafi ya rufe. Ɗalibin Gauss mai suna Riemann ya faɗaɗa wannan a 1854, kuma da lissafinsa Einstein ya yi aiki. Lissafin bai buƙatar wani ɗaki da za a ajiye sararin a ciki. Idonmu ne ya saba ganin kowane abu a cikin wani abu, shi ke neman ɗakin.

Akwai wata iyaka kuma wadda ita tabbas tana nan, sai dai tamu ce, ba ta sararin ba. Lokacin da muke aiki a arewacin Yobe, wajen da ƙasa take shimfiɗe kamar faifai, in na tsaya sai in ga sama ta kife a kan ƙasa ta kowane gefe. Ga mutumin da ke tsaye, wannan layi bai wuce kilomita biyar ba. In na hau kan mota sai ya matsa. In muka yi tafiyar yini sai ya bi mu, kullum muna tsakiyarsa. Mutumin da yake can inda na ga sama ta taɓa ƙasa, shi a wurinsa ni ne a bakin duniya.

Haske yana gudun kilomita 300,000 a daƙiƙa ɗaya, amma duk da haka tafiya yake yi, kuma tafiya tana cin lokaci. Ranar da kike gani ta minti takwas da suka wuce ce. Kaza da 'Ya'yanta da nake nuna muku a tsakar gida, haskensu ya baro gida shekara wajen 440 da suka wuce, wato fiye da shekara 200 kafin jihadin Shehu. Tunda shekarun wannan halitta da muke ciki an ƙiyasta su a biliyan 13.8, abin da za mu iya gani shi ne kawai wanda haskensa ya sami isasshen lokacin isowa. Wuraren da hasken mafi nisa ya fito, yanzu sun kai nisan tafiyar haske ta shekara biliyan 46 daga nan, saboda sararin ya yi ta buɗewa hasken yana kan hanya. In kin ji an ce "iyakar sararin da ake iya gani", wannan ake nufi. Faifan Yobe ne, mu ne a tsakiya don mu ne masu kallo.

Maganar buɗewar nan ita ta kai mu ga tambayarki ta biyu, wato ko sararin yana da farko. Tun kafin na'urori, duhun dare kansa yana ba da labari. Shiga tsakiyar gonar dawa da kaka, duk inda kika juya idonki a kan kara zai sauka. Da a ce taurari ba su da iyaka kuma tun fil azal suke ci, da duk inda kika duba a sama idonki zai sauka a kan tauraro, dare ya yi fari fat kamar tsakar rana. Wani likita Bajamushe, Olbers, ya yi rubutu a kan haka a 1823. Dare yana da duhu domin taurari ba tun fil azal suke haskawa ba.

A 1927 wani limamin coci ɗan Beljiyam, Georges Lemaître, ya fitar da lissafin cewa sarari yana buɗewa. A 1929 Edwin Hubble, da babban madubin hangen nesa na dutsen Wilson a Kalifoniya, ya nuna cewa garkunan taurari na nesa, wato manyan tarin biliyoyin taurari, suna ta ja da baya daga gare mu, wanda ya fi nisa ya fi sauri. Ki tuna ƙullun fanken mamanku in ta sa yis ta rufe. A ce an barbaɗa riɗi a cikinsa. Yana tashi, kowace ƙwaya za ta ga sauran suna nisantarta, ta nesa ta fi ta kusa saurin tafiya, kuma babu ƙwayar da za ta ce ita ce cibiya. Ba riɗin ke gudu ba, ƙullun da ke tsakaninsu ne yake ƙaruwa. Sai dai misalin yana da inda ya gurgunce, don ƙullu yana da roba da murfi, yana kumbura ne zuwa cikin iskar kicin. Ki ɗauki tsakiyar ƙullun, ki bar robar.

Sunan da aka laƙaba wa farkon wannan buɗewa, wai Babbar Fashewa, ya ɓatar da mutane da yawa, har ni. Wanda ya raɗa shi, Fred Hoyle, a wani shirin rediyon BBC ya faɗe shi a 1949, kuma shi bai ma yarda da ra'ayin ba. Jin sunan sai mutum ya zaci wani abu ne ya tashi kamar nakiya a tsakiyar wani fili da yake nan tun da. Abin da lissafin ya ce shi ne ko'ina ya kasance a matse, da zafi mai tsanani, kuma ko'ina ya buɗe tare. Inda kike zaune kina karanta takardar nan ma a nan abin ya faru.

Shaidar da ta fi burge ni kuwa da kashin tattabaru aka same ta. A 1964 wasu mutum biyu a jihar New Jersey ta Amurka, Penzias da Wilson, suna gwada wata babbar eriya, sai wani shuu ya dame su, ko ina suka juya ta yana nan, dare da rana. Suka duba wayoyi, suka kori tattabarun da suka yi sheƙa a ciki, suka kankare kashinsu, shuu bai tafi ba. Ashe ragowar hasken farko ne, wanda ya kuɓuce tun halitta tana da shekara 380,000, ya yi ta sanyi a hanya har ya koma kusan digiri 270 ƙasa da sifili. Irin yayyafin nan da tsohuwar talabijin ɗinmu take yi in tasha ta rufe, ɗan kaɗan daga cikinsa wannan haske ne. Sun sami kyautar Nobel a 1978.

Da wannan haske aka yi awon Gauss a kan sama gaba ɗaya. Hasken yana da dabbare-dabbare, wani wuri ya ɗara wani ɗumi kaɗan. An san girman dabbaren ta lissafi, an san nisansu, saura a auna kusurwar da suka cika a ido, wadda ta kai kimanin digiri ɗaya. Ga alwatika ta samu, mafi girma da ɗan Adam ya taɓa aunawa. Tauraron ɗan Adam mai suna Planck, wanda Turai ta harba a 2009, ya yi wannan aiki, sakamako ya nuna sararin a shimfiɗe yake, in ma akwai lanƙwasa ba ta kai kashi ɗaya cikin ɗari ba. Ni da na sha awon fuloti hamsin da ɗari na san ma'anar wannan. A fuloti ba za ki taɓa kama lanƙwasar ƙasa ba, ko da wace irin na'ura, amma hakan bai sa ƙasa ta zama tabarma ba. Saboda haka ƙofa biyu suna buɗe har yanzu: ko sararin ba shi da iyakar girma, ko kuwa yana da ita amma duk abin da muke hangowa fuloti ɗaya ne a cikinsa. Wanda ya ce miki an rufe ɗaya daga cikinsu, ki ce ya kawo takardar awo.

Yanzu ga saƙona zuwa ga ƙawarki, ki isar mata da shi cikin ladabi, don na san tsoron Allah ne ya sa ta magana. Imam Gazali, wanda malamanmu na zaure suke karanta littattafansa har gobe, ya rasu a 1111, ya zauna ya yi wa wannan tambaya filla-filla. Masu falsafa irin su Farabi da Ibn Sina sun tafi a kan cewa duniya ba ta da farko. Cikin hujjojin ɓangarensu akwai cewa in ta fara, to akwai lokacin da ya gabace ta, kafin shi ma akwai wani, ashe lokaci ba shi da farko. Gazali ya ce lokaci ai tare da duniya aka halicce shi, wannan "kafin" da kuke nema aikin wahami ne. Ya ce kamar yadda zuciya take ƙin yarda a ce a bayan sama ta ƙarshe babu wani "bisa", haka take ƙin yarda a ce kafin farkon lokaci babu wani "kafin", kuma in kun yarda da na wuri, me ya hana ku yarda da na lokaci? Har ya tambaye su ko Allah Yana da ikon Ya ƙara wa sama kauri da kamu ɗaya. Ibn Rushd na Ƙurɗuba ya zo daga baya ya mayar masa da martani, aka yi ta gwabzawa da alƙalami. Ga Gazali nan, mutumin da ya auna sama da kamu a cikin tunaninsa, kuma Hujjatul Islam ake ce masa. A zamaninmu Stephen Hawking na Ingila ya kwatanta tambayar da neman abin da ke arewa da ƙarshen arewacin duniya, inda duk hanyar da ka bi kudu ta nufa. Da na karanta sai na ce, ai an riga ka, bawan Allah.

Sai dai ina jan kunnenki ta ɗaya gefen. Za ki haɗu da masu ɗauko aya ta 47 a Suratuz Zariyat, inda Allah Yake cewa Ya gina sama da ƙarfi kuma Shi Mai yalwatawa ne, su ce ga Hubble nan a cikin Alƙur'ani. Malaman tafsiri na da sun fassara ta da yalwa da iko, na yanzu da yawa suna ganin ishara ga buɗewar sarari. Ki saurara, ki yi tasbihi, amma kada ki ɗaure aya a jikin lambar da aka auno. Awon Hubble na farko ya ba da shekarun halitta wajen biliyan biyu, alhali ƙasar da muke kai ta kai biliyan huɗu da rabi. 'Ya ta girmi uwarta ke nan. Sai da aka yi shekaru ana gyara kafin lissafi ya daidaita. Wanda ya ɗaure imaninsa a jikin biliyan biyu, ranar da aka tuge turken da me zai riƙe? Haka kuma lissafin da ake bi a koma baya, yana isa gab da farko sai ya ƙi aiki, lambobi su haukace. Biliyan 13.8 nisan da sarƙar awo ta kai ne daga nan zuwa lokacin zafin nan. Masu gaskiya a cikin masanan da kansu suke faɗin haka.

Maganar ƙarshen halitta kuwa ba zan ja ta ba. A 1998 ƙungiyoyi biyu na masana suka gano cewa buɗewar ƙara sauri take yi, aka ba uku daga cikinsu Nobel a 2011. Abin da ke tura ta sun sa masa suna ƙarfin duhu, wanda suna ne irin na "wane" da ake kiran baƙon da ba a san sunansa ba. In aka ci gaba a haka, garkunan nesa za su ɓace wa gani, taurari su ƙone ɗaya bayan ɗaya, ita rana tamu an ba ta kimanin shekara biliyan biyar. Amma ki lura da "in aka ci gaba a haka". A wurin aiki in ka ja layi ya wuce turkenka na ƙarshe, kuskuren da bai kai kaurin farce ba a nan, kafin ka yi nisa ya cinye gonar maƙwabci. Wannan hasashe ne a kan layin da aka ja, a haka za ki riƙe shi. Tashin Alƙiyama kuwa saninsa yana wurin Mai shi, ba da madubin hangen nesa ake leƙo shi ba.

Game da 'yan ajinku, kada ki riƙe su a rai, kada kuma ki koma kujerar baya ki yi shiru. Ki sami malamin a ofis, ke da wata ƙawarki, ki sake yi masa tambayar a natse. Sau da yawa malami yana da amsa, lokacin darasi ne ba shi da shi. Ki dage da lissafi fiye da komai, don duk abin da na ba ki a takardar nan da kankana da ƙullu, su da lambobi suke faɗinsa, kuma ni inda ƙarfina ya tsaya ke nan. Ana cewa abin da babba ya hango yaro ko ya hau rimi ba zai hango shi ba, amma masu karin maganar ba su san za a kai madubi sama a 2021, wanda ake kira James Webb, ya hango garkunan da suka haskaka tun halitta tana da shekara miliyan 300 ba. Wannan rimin naku ne, in kin hau ki ba ni labari.

In an ba ku hutun Disamba, in hazo ya yi mana sauƙi, za mu kwana biyu a ƙauye inda babu fitilu. Bayan Isha'i zan nuna miki wani ɗan fari-fari ta wajen arewa, kamar an shafa alli da yatsa, sai an ɗan kauda ido gefe ake kama shi. Garken Andromeda ke nan, haskensa ya yi shekara miliyan biyu da rabi a hanya. Ki zo da rigar sanyi mai kauri, ta bara ta yi miki kaɗan.

Na tura miki kuɗin littafin da kika ce, ki duba asusunki. Mamanku ta ba direban da ya saba kawo miki saƙo yaji da kuka da ɗan kilishi, ki raba da 'yan ɗakinku, har da ita mai yi miki wa'azin. Ki daina kai wa ƙarfe biyun dare kina karatu da cikin wofi.

Allah Ya yi miki albarka, Ya tsare min ke.

Naki,
Babanki